Tsakanin "Na Yi" da "Aka Yi"

Uwa ta dawo daga unguwa ta tarar da tulu a fashe, ruwa ya malale har bakin murhu. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kusa da tsingaron ya sunkuyar da kai ya ce, "An fasa." Bai yi ƙarya ba, don ga tulu nan a ƙasa. Bai kuma amsa abin da aka tambaye shi ba. Yaron nan kuwa, ranar da ya share tsakar gida ba a sa shi ba, tun daga zaure yake taryen uwar yana cewa, "Inna, na yi shara, ni kaɗai." Kafin ya san baƙi da wasali ya riga ya san inda ake sa "na" da inda ake sa "an", kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Wannan "an" ɗin, da 'yan'uwanta "aka" da "ana" da "a", tana cikin abubuwan da na fi ƙauna a harshenmu. Kalma ce da ke tsayawa a gurbin mutum amma ba ta nuna kowa da yatsa. Da ita ake gaida suruki, a ce, "An wuni lafiya?" don "ka" ta yi tsirara da yawa a gabansa. Da ita magidanci yake sanar da haihuwar ɗansa na fari, ya ce an sauka a gidansa, kamar ba shi ne angon ƙarni ba. Da ita mai kyauta yake rufe hannunsa, ya ce an ɗan taimaka, alhali buhun geronsa ya sayar. Riga ɗaya ce, mai kunya yana sa ta, mai laifi ma yana sa ta, kuma daga nesa ba ka bambance su.

Na daɗe ina karanta littattafan da manyan mutane suka rubuta a kan rayuwarsu: shugabanni, hafsoshin soja, malamai, 'yan gwagwarmaya. Yawancinsu da Turanci suke, wasu da Larabci. In na zo inda magana ta yi nauyi, nakan tsaya in juya jimlar zuwa Hausa a zuciyata, nan take kuwa Hausa take tsare ni sai na zaɓa: "na yi" ne, ko "muka yi", ko "aka yi"? Abin da na sha gani shi ne, littafin babban mutum yakan tafi da "na" shafi bayan shafi, na gina, na kafa, na hango, na gargaɗe su. Da an kawo shekarar da jini ya zuba ko amana ta karye, sai "na" ta sulale, "aka" ta shigo ta shimfiɗa tabarma. A wannan mahaɗar nake haɗuwa da mutumin, fiye da a hotunan da ke tsakiyar littafi.

Har yau ba mu tsayar wa irin wannan rubutu suna guda ba. Mukan ce "tarihin rayuwa", amma haka muke kiran wanda wani ya rubuta a kan wani, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Kalmar tarihi daga Larabci muka aro ta, kuma can asalinta tana da alaƙa da ƙayyade rana da wata da shekara, shi ya sa take zuwa da kwarjinin alƙali. Labari ma aro ne daga can, amma halinsa daban. Shi ba ya yawo sai da mai shi, da an ba ka shi sai ka ce, "In ji wa?" Littafin da mutum ya rubuta a kan kansa labari ne da ya yi shigar tarihi. Marubucinsa ganau ne ba jiyau ba, kuma nan darajarsa take. Sai dai ganau ne a shari'ar da ake yi da shi, kuma ba alƙalin da ke ɗaukar bakin mai da'awa a matsayin shaidarsa.

A watan Fabrairu na 2025 Janar Ibrahim Babangida ya ƙaddamar da nasa littafin, A Journey in Service, a Abuja. Ba labarin ƙuruciyarsa a Minna mutane suke ɗoki ba. Babi ɗaya kowa yake nema, na zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda Mashood Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, jihar shi Tofan, aka kuma soke shi ranar 23 ga watan. (Ga shi ni ma "aka soke" na rubuta. Shekara da shekaru haka muke faɗarsa, har bakinmu ya saba.) A cikin littafin ya amince Abiola ne ya ci zaɓen, ya nuna nadama, ya ce a matsayinsa na shugaba alhakin yana wuyansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya yi kusan shekara 32 ana jiran wannan kalma daga bakinsa, kuma bai kamata a raina shi ba. Amma da aka zo kan wanda ya aikata, sai ya ce yana Katsina wajen ta'aziyya aka fitar da sanarwar ba da izininsa ba, kuma wasu hafsoshi ne da Janar Sani Abacha ke jagoranta suka kitsa abin. In ka juya babin nan zuwa Hausa, ga abin da zai rage a hannunka: na ɗauki alhaki, amma an soke. Alhakin ya tafi wurin "na", aikin ya tafi wurin "aka". Abacha ya rasu a watan Yuni na 1998, Abiola ya bi shi bayan wata guda yana tsare. Mutum biyun da suka fi kowa damar cewa haka aka yi, ko ba haka aka yi ba, duka ƙasa ta rufe musu ido.

Mai yiwuwa ne labarin haka yake. Mulki hannu da yawa ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe ko da shugabancin ƙungiyar unguwa ya san akwai ranar da za a yi abu da sunansa yana barci. Wata "aka" ɗin gaskiya ce tsantsa. Abin da ya rage ga mai karatu shi ne ya sa ma'auni ɗaya a kan babukan duka. Hanyoyi da gadoji da hukumomin da ake kafawa a zamanin shugaba, su ma hannu dubu ke yin su. To, me ya sa hannuwan nan dubu ba sa bayyana a littafi sai ranar ɓarna?

Akwai kuma "aka" ta kunya, wadda ke fitowa tun daga bango. Alhaji Shehu Shagari ya sa wa littafinsa na 2001 suna Beckoned to Serve, wato an yafito shi ya zo ya yi hidima. Sanannen abu ne cewa kujerar majalisar dattawa ya so nema kafin jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a zaɓen 1979. Malamin makaranta ne da ya tashi a ƙasar Sakkwato, inda neman girma da baki abin kunya ne. Na yarda da wannan "aka" ɗin, ban ga kwalliya a cikinta ba. Amma ita ma ba kyauta take ba. Wanda ya ɗauki kansa a matsayin wanda aka kira, abu ne mai sauƙi ya riƙa kallon shekarun mulkinsa, har zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, a matsayin abin da ya same shi, ba abin da ya fito daga hannunsa ba.

Mun taso ana ce mana yabon kai jahilci. Sarki ba ya jero kakanninsa da bakinsa, akwai maroƙi da sankira. Attajiri ba ya ƙirga dukiyarsa a bainar jama'a, mawaƙi ke ƙirga masa. Duk da haka al'adarmu ta bar wa yabon kai ƙofa guda, ita ce kirari. Ɗan dambe yana yi wa kansa kirari, haka ɗan tauri da mafarauci, ba kuma mai cewa sun yi rashin kunya. Dalili shi ne a tsakiyar fage suke yi, abokin karawa yana tsaye yana ji, kuma kafin a sha ruwa za a gwada maganar. Littafin rayuwa kuwa kirari ne da ake yi bayan an watse, an share fage, makaɗa sun rataye kalangu. Janar Olusegun Obasanjo ya rubuta My Command a 1980, kan yadda ya karɓi runduna ta 3 daga hannun Benjamin Adekunle a 1969 har Biyafara ta miƙa wuya a Janairu 1970. Ya bi shi da Not My Will a 1990, sannan My Watch, mujalladi 3, a 2014. Kalmar mallaka tana cikin sunan kowannensu. Shi mai "na" ne, kuma irin wannan rubutu yana da alherinsa, don wanda ya ce "ni na yi" ya buɗe ƙofar a ce masa "ba kai ba ne". Haka kuwa aka yi. Birgediya Godwin Alabi-Isama, wanda ya yi yaƙi a wannan rundunar, ya fito da The Tragedy of Victory a 2013, da taswirori da hotuna, yana ƙalubalantar labarin Obasanjo gaɓa bayan gaɓa. Sai bayan shekara 33 abokin karawa ya shigo fage, amma dai ya shigo.

Sai mai rai ke shigowa. Murtala Muhammad, wanda ya jagoranci runduna ta 2 a wannan yaƙin, an kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976 yana da shekara 37. Duk inda ka gan shi, a littafin wani ka gan shi, kullum "shi" ne, bai samu zama "ni" ba. Abubakar Tafawa Balewa ya bar mana Shaihu Umar, daga gasar rubutu ta 1933, inda ya ba wani malami na ƙirƙira dama ya zauna gaban almajiransa ya ba da labarin rayuwarsa da bakinsa. Nasa labarin kuwa bai kai ga takarda ba. In ka tsaya gaban kantar da aka jera waɗannan littattafai, taron waɗanda Allah Ya ja kwanansu kake kallo, kuma su ne ke ba da labarin waɗanda ba a ja nasu ba.

Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya kai ga rubutawa. My Life ya fito a 1962. Ya ɗauko daga Raba, da nasabarsa zuwa Sarkin Musulmi Bello da Shehu Usmanu, da Kwalejin Katsina, da koyarwa, da sarauta, da siyasa. Rubutun mutum ne da ya san ko shi wane ne, kuma ba ya neman afuwar kowa a kan haka. Abin da ke kama ni a littafin shi ne abin da marubucin bai sani ba. Yana rubutu ne kamar mai sauran tafiya mai nisa, Arewa na gabansa, aiki na jira. Mai karatu kuwa ya san daren 15 ga Janairu 1966 da aka kashe shi, ya san gidan nan na Kaduna da yanzu ake kira Arewa House. Ko shekara 4 cikakku ba a yi ba tsakani. Duk inda zancen gobe ya fito sai ka ji kamar ka dafa shafin. Wannan wani abu ne da littafin rayuwa ke bayyanawa ba da nufin mai shi ba: kowane ɗayansu an rubuta shi ne kafin babin ƙarshe, kuma mai karatu ne kaɗai ke riƙe da wannan babin.

Ita kanta "ni" ɗin da ke cikin irin waɗannan littattafai, sau da yawa bakin wani ce da hannun wani. Shifta ake yi, mai ɗauka kuma yana tacewa. Sheikh Abubakar Gumi tare da Isma'ila Tsiga ya fitar da Where I Stand a 1992, shekarar da ya rasu. Malcolm X kuwa Alex Haley ya riƙa ba labari, tun daga 1963, lokacin yana almajirin Elijah Muhammad, yana ganin shi ne ya tsamo shi daga halaka. Kafin a gama aikin Malcolm ya bar ƙungiyar Elijah Muhammad, ya yi aikin Hajji a 1964, ya ga farare da baƙaƙe a sahu ɗaya, ra'ayinsa ya sauya. Ya so ya koma ya gyara babukan farko su dace da sabon tunaninsa, Haley ya lallashe shi ya bar su yadda suke. An harbe shi a New York ranar 21 ga Fabrairu 1965, littafin ya fito a bayansa. Saboda an bar babukan nan, mai maganar da ya buɗe littafin da wanda ya rufe shi ba mutum ɗaya ba ne, kuma ana ganin ɗinkin. Yawancin manya goge ɗinkin suke yi. Dattijon da ke rubutu sai ya ara wa yaron da ya taɓa zama hikimarsa ta yau, har ka ga ɗan shekara 10 ya riga ya san inda za shi. Yaro na gaske bai sani ba, kuma littafin da ya bar shi cikin rashin saninsa ya fi kusa da gaskiya.

Abin da nake nema a duk wannan karatu jimla ɗaya ce: wadda "na" ta haɗu da laifi a cikinta ba tare da an tsare mutum ba. Irinta ba ta da yawa, kuma wadda ta fi zauna mini a rai ta girmi duk waɗannan da ɗaruruwan shekaru. Imam Gazali, wanda zaurukan karatunmu suka sani ta Ihya'u, ya bar wani ɗan ƙaramin littafi, Al-Munƙiz minad Dalal. A 1095 yana kan ganiyarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai 300 a gabansa, fada tana ji da shi. Ya faɗi cewa ya binciki niyyarsa ta karantarwa ya tarar ba don Allah take ba zalla, son girma da yaɗuwar suna ne ke tura shi. Ya yi kusan wata 6 yana ƙullawa yana warwarewa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ma ya daina karɓarsa. Da zai fita kuma, shi da kansa ya faɗi cewa ya nuna wa mutane Makka za shi alhali Sham ya nufa, don kada a tare shi. Yana da mafaka iri-iri in da ya so: zamani ya ɓaci, malamai sun lalace, ana hassada. Ya bar su duka ya nuna ƙirjinsa. Gaskiya ne ya rubuta littafin bayan ya koma karantarwa a Naisabur a 1106, kuma masu nazari sun lura akwai kare kai a ciki. Ba mai rubuta rayuwarsa ya tsira daga wannan. Amma kare kan da ya fara da tona asirin zuciya daban yake da wanda ya fara da neman wanda za a ɗora wa.

A nan gida ma muna da irinsa. Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, ya tattara waƙoƙinsa yana bayyana halin da ya yi kowace a ciki. A nan ya faɗi yadda, ana tsakiyar jihadi, ya ga mutane sun karkata ga neman sarauta da tara dukiya, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka da Madina. Ya sauka Kano, mutanenta suka riƙe shi ya karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, daga baya ya koma. Bai tsame kansa daga cikin waɗanda yake kuka da su ba, ya ji wa ransa tsoron abin da ya gani a wurinsu. A duba lokacin da yake wannan rubutu: Alƙalawa ta faɗi tun 1808, nasara tana hannu, shi kansa yana riƙe da yammacin daula. Ba abin da zai hana shi yin kirari, kuma ba abokin karawar da zai ƙaryata shi. Ina ganin abin da ya raba mutanen nan biyu da yawancin manyan zamaninmu shi ne wanda suke jin yana sauraro. Mai rubutu don jarida da 'yan baya yana da inda zai laɓe. Wanda ke rubutu yana tuna ranar hisabi ya san a can ba a karɓar "an fasa".

Akwai kuma wadda "aka" halaliyarta ce. Baba ta Karo ba shahararriya ba ce, littafin ne ya sa aka san ta. An haife ta a 1877, kuma tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna tana ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Labarin cike yake da abubuwan da aka yi mata da mutanenta. Ana kai hari a kwashi mutane a sayar, ana tara kuɗi a fanso dangi, ana ɗaura wa yarinya aure da ɗan'uwanta ko ba ta so, Turawa suka zo, aka sauya dokar duniya ba a tambayi kowa a ƙauyensu ba. A rayuwa irin tata, "aka" bayani ne na zahiri, don da gaske ba a hannunta abin yake ba. Shi ya sa nake jin nauyi in na ga mai riƙe da ƙasa, mai soja da baitulmali, ya ari wannan kalma ya yafa, kalmar waɗanda ake yi wa, ba masu yi ba. Ita kuwa Baba, a 'yan wuraren da zaɓi ya zo hannunta, kamar fita daga auren da ranta bai kwanta da shi ba, ba ta laɓe a bayan kowa ba. Ta yi aure 4, ba ta haihu ba, ta reni 'ya'yan wasu, duk ta faɗa ba tare da neman a tausaya mata ko a yabe ta ba.

Ta rasu a 1951, shekara 3 kafin littafin ya fito da Turanci. Sai bayan shekara sama da 30 aka buga shi da Hausar da ta faɗe shi, aka sa masa suna Labarin Baba. Labari aka ce, ba tarihi ba, kuma an faɗi mai shi.